Malama, Ki Bar Jan Biro a Makaranta

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, wata 20 ke nan da aurena. Ina koyar da aji uku a makarantar firamare, yara 58 ne a hannuna, kuma kusan duk darussansu ni nake yi. Ƙarfe biyar saura nake tashi in yi shara da girki kafin in fita. Ƙarfe biyu ake tashi makaranta, in iso gida wajen uku da jaka cike da littattafan yara. In sauke jaka in ɗora tukunya, in yi wanki, in gama da kicin, sannan in zauna makin, wato duba aikin yara a littattafansu, har sha ɗaya ko sha biyun dare. Sau da yawa a kan gado nake yi, barci ya kwashe ni da biro a hannu.

Maigidana ba mugu ba ne. Ina koyarwa ya aure ni, kuma a lokacin shi ya ce in ci gaba. Amma yanzu kullum cikin ƙorafi yake: ba ya samun fuskata, ina yi masa magana kamar ɗan ajina, kuma wai aikin da ake tashi da rana tsaka wace gajiya ce a cikinsa. Makon jiya ya dawo yana ba ni labari ina makin, ban ji ko kalma ɗaya ba, sai ya kashe fitila ya juya mini baya. Da safe ya ce gara in ajiye aikin kowa ya huta. Muryata ta dishe tun farkon zango, wani lokaci in shiga banɗaki in yi ta kuka ban san dalili ba. Amma Anti ina son aikin nan. Akwai yarinyar da ta shigo ajina ba ta iya haɗa baƙi biyu ba, ranar Laraba ta karanta mini layi guda ita kaɗai. Albashina kuma yana rage mana abubuwa da yawa a gida. In ajiye ne aurena ya zauna lafiya, ko yaya zan yi?

Malamar aji uku

Wa'alaikis salam, 'yata. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki a wannan zangon. Ban ce aikin ya fi aurenki ba, kuma ban ce har abada kada ki ajiye ba. Abin da na duba shi ne agogonki. Daga sha biyun dare zuwa biyar saura, awa biyar ma ba ta cika ba, alhali babban mutum awa bakwai zuwa tara jikinsa ke nema. Wadda ta yi watanni a haka ba a ba ta alƙalami a ce ta sa hannu kan abin da zai bi ta shekaru. Ki fara yin barci tukuna, sai mu ga ko har yanzu ajiyewar kike so.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda aikin da auren suke karo, sai na same shi wuri ɗaya: a kan gadonki. Daga safe zuwa ƙarfe biyu koyarwa ba ta taɓa mijinki da komai, shi ma yana wurin nasa neman. Abin da ya shiga tsakaninku jakar nan ce da take biyo ki gida. Ita za mu fara kora.

Ki ɗauko takarda mu yi lissafi irin wanda kike koya wa yara. Yara 58. Mu ce darussa uku kacal kike ba da aiki a rana, littafi 174 ke nan. Ki ba kowane littafi minti ɗaya, buɗewa da dubawa da sa hannu da rufewa: awa uku babu minti shida. Kuma ni da ke mun san minti ɗaya ba ya isar rubutun ɗan aji uku, wanda sai kin juya littafin sama da ƙasa kafin ki gane ko b ya rubuta ko d. Ashe kullum kina da wata makarantar ta biyu da daddare, wadda ba ta da ƙararrawa kuma ba a biyan ki a kanta. Ki ajiye wannan takardar, za ta yi mana amfani a gaba.

Na riƙe aji shekaru masu yawa kafin in koma rubutu, kuma na daɗe ina ɗauka malamar ƙwarai ita ce wadda ba a samun shafi ɗaya a littafin ɗalibinta da jan biro bai taɓa ba. Sai da na tsaya na lura da abin da yaran ke yi da littafin idan na mayar musu. Su buɗe, su duba lambar da aka ba su, su leƙa ta na kusa da su, su rufe. Dogon bayanin da na hana idona barci na rubuta a ƙasan shafi, rabinsu ba su iya karanta shi ba ma, tun da karatun nake koya musu. Wa nake rubuta wa ke nan? Hedimasta da masu zuwa duba makaranta. Wannan ciwon ya zama ruwan dare a aikin koyarwa ko'ina. A Ingila sai da ma'aikatar ilimi ta kafa kwamiti musamman a kan nauyin makin, kuma rahotonsa na 2016 ya ce an ba wa rubutu a littafin yaro muhimmancin da ya wuce kima, ana ɗaukar yawan jan biro a matsayin inganci. Sharuɗɗa uku suka kafa: makin ya zama mai ma'ana, wanda malami zai iya ɗauka, kuma mai ƙara wa yaro ƙwazo. Naki na sha biyun dare ya faɗi a sharaɗi na biyu, kuma ina shakkar na farko.

Ga yadda za ki yi. Mafi yawan makin ya koma cikin aji, lokacin da yaran ke aikin. Kin ba da lissafi goma, kada ki koma kujera ki jira a tara miki. Ki riƙe bironki ki bi layi-layi, ki sa alama a kan wanda ya yi daidai, wanda ya kauce ki nuna masa da yatsa ki faɗa masa da baki. Gyaran da yaro ya samu yana tsakiyar aiki ya fi shiga kansa a kan wanda zai gani bayan kwana biyu ya riga ya manta tambayar. Abin da yake da amsa ɗaya, kamar lissafi da shifta, ki rubuta amsoshin a allo su yi musayar littafi su duba wa juna da fensir. Za su yi ha'inci a makon farko, aboki ya ba aboki goma bisa goma. Ki riƙa zarar littafi biyar ba tare da sanarwa ba kina sake dubawa a gabansu, da kansu za su daina.

Aikin da yake buƙatar idonki da gaske, kamar insha'i, ki raba ajin gida biyar, kowace rana ki duba na rukuni ɗaya da kyau, littafi goma sha ɗaya ko sha biyu. Kafin mako ya ƙare kowane yaro ya samu idonki sau ɗaya, kuma ido ne na wadda ba ta gyangyaɗi. Sauran ki bi su da sauri kina neman abu ɗaya: wane kuskure ne ya fi yawa? In kika ga yara ashirin sun manta da riƙe ɗaya a wajen tarawa, ba sai kin rubuta gyara sau ashirin ba. Gobe da safe minti biyar a gaban allo ya wadatar.

Sannan idan an tashi, kada ki ruga gida. Na san wannan zai yi miki banbaraƙwai, tun da gidan ne ke kuka da rashinki. Ki ƙara minti arba'in a aji bayan yara sun watse, ki gama rukunin ranar, ki duba darasin gobe, ki kulle littattafan a makaranta ki fito da jakar hannunki kaɗai. Minti arba'in a teburi da ido biyu sun fi awa biyu a kan katifa. Ki isa gida wajen huɗu hannu sake, ya fi ki isa ƙarfe uku da yara 58 a kafaɗa. Kafin ki fara, ki sami hedimasta ki faɗa masa tsarin, kada ya tsinci shafi babu ja ya ɗauka lalaci ne. Ki je masa da misalin littafi biyu da jadawalin rukunan a rubuce. Shugabanni sun fi amincewa da abin da aka kawo musu a takarda. In ya ƙi wani ɓangare, ki karɓi wanda ya yarda da shi. Shirin darasi kuma kada ki yar da ko ɗaya, ki tara su a fayil da kwanan wata, ki rubuta a gefe abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Shekarun farko na koyarwa sun fi kowanne wuya ne saboda komai daga tushe ake gina shi. Baɗi gyara kawai za ki yi. Waya ma ki yi mata ƙa'ida. Iyayen yara da ke turo saƙo a WhatsApp ƙarfe goma na dare suna tambayar aikin gida, ki sanar da su cikin ladabi lokacin da kike amsawa, ki tsaya a kai.

Muryarki ta fi damuna fiye da yadda ta dame ki, domin a layi ɗaya kika ambace ta kika wuce. Murya ita ce jarin malami. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu da ke kaɗawa suna haɗuwa idan ana magana, na mace kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Ki ƙiyasta awa shida ana ɗaga murya a kan hayaniyar yara. Idan abin ya yi yawa sukan kumbura, har su yi kanta kamar tafin hannun mai aikin ƙarfi, kuma dishewar da ba ta tafiya ke nan. Duk dishewar da ta wuce mako uku likitan kunne da hanci da maƙogwaro ake kai wa, taki kuwa tun farkon zango take. Ki je. Kafin nan ki ajiye ruwa a teburinki kina kurɓa, ki rage gyaran murya da ƙarfi, kada kuma ki koma yin raɗa da sunan hutar da ita, raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi. Lokacin tara ki yi shiru na minti goma ko da abokan aiki za su ce kin cika miskilanci.

Tsawa kuma ki rage ta, don ba ta ma aiki. Wani malamin jami'a a Amurka, Jacob Kounin, ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwa da yawa yana neman sirrin malaman da ajinsu ke natsuwa. Abin da ya wallafa a 1970 shi ne, bambancin ba a wajen iya tsawatarwa yake ba bayan an yi laifi. Malaman da suka yi nasara su ne waɗanda yara ke jin cewa idonsu na ko'ina, suna tare ɓarna tun ba ta girma ba. Ki gwada: yaro na surutu a baya, kada ki kira sunansa daga gaban allo, ki ci gaba da bayaninki kina takawa har ki tsaya a gefen bencinsa. Zai yi tsit ba ki kashe ko kalma ba. Ki koya musu alama ɗaya ta yin shiru, tafi uku su amsa da uku, ko ɗaga hannu. Yawon makin da na ce ki riƙa yi tsakanin layuka shi ma wannan aikin yake yi.

Tun da za ki asibiti, ki ce a duba jininki. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata masu shekarunki, kuma gajiya da jiri da saurin fushi yake kawowa. Ki kuma tabbatar ko akwai juna biyu, don farkonsa ma da kasala da saurin hawaye yake zuwa. Batun kukan banɗaki kada ki ɓoye wa likita. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa kallonsa da ƙyama, da jin ba ya iya tsinana komai a cikinsa. Ta farko kina da ita, babu tantama. Ta biyu da ta uku ban gan su a wasiƙarki ba. Wadda aiki ya fita daga ranta ba ta riƙe cewa ranar Laraba ce wata yarinya ta karanta layi guda. Wannan ne ya sa na ce akwai sauran gyara. Amma in kika wayi gari babu abin da ke faranta miki rai, gida ko makaranta, abinci ya fita kanki, har mako biyu a jere, to abin ya wuce gajiyar aiki, ki koma wurin likita ki faɗa masa haka ƙarara.

Mu zo kan maigida, kuma a nan ba zan tsaya a bayanki ɗari bisa ɗari ba.

Maganarsa ta cewa babu gajiya a aikin da ake tashi da rana, kuskure ce, ta wanda bai taɓa tsayawa gaban yara 58 ba. Ɗaya na kuka an ɗauke masa fensir, ɗaya na neman izinin fita, biyu na dambe, ke kuma kina ƙoƙarin kada zaren darasi ya tsinke. Kashe fitila da juya baya ma ba hanyar magana ba ce. Amma ki tsaya a inda yake tsaye a daren nan. Mutum ya wuni a waje, ya riƙo labari a bakinsa tun daga hanya don ya ba matarsa, ya gama zuba ya ga ko kai ba ta ɗaga ba. Wata 20 da aure, ko shekara biyu ba a rufa ba. Namijin da ya daina damuwa da ke ba ya ƙorafin rashin fuskarki, waje zai nemi abokan hira ya dawo ya kwanta. Naki har yanzu hirarki yake nema, bai dai iya roƙonta ba sai ta hanyar faɗa. Da ya ce ki ajiye aiki, ni abin da na ji shi ne: ki dawo mini da matata. Ajiye aikin ita ce kaɗai ƙofar da ya hango, domin ba wanda ya nuna masa cewa jakar za ta iya kwana a makaranta.

Zancen yi masa magana kamar ɗan aji kuwa, 'yata, kada ki musa, ciwonmu ne dukanmu. Ni da kaina na taɓa gama yi wa maigidana bayani na ce masa, "Maimaita abin da na ce." Ya dube ni ya ce, "To Malama, in ɗaga hannu ne tukuna?" Dariya ta cece ni ran nan, amma ba kullum take ceto ba. Bakin da ya wuni yana "zauna", "sau nawa zan faɗa", "wa ya ce ka taɓa" ba ya sauya harshe don kawai an buɗe ƙofar gida. Sai an ba shi rata. Idan kin shigo, kafin ki taɓa tsintsiya ko tukunya, ki cire kayan makaranta, ki watsa ruwa, ki kwanta minti ashirin ba waya ba magana. Gidan ba zai rushe a minti ashirin ba. Wadda za ta tashi daga wannan kwanciyar ita ce matar gidan, Malama kuma sai gobe da safe.

Yanzu maganar da za ku yi. Kada ki yi ta da daddare kun gaji, kada kuma ki yi ta a matsayin martani ga "ki ajiye aiki". Ki zaɓi ranar hutu, an ci an ƙoshi, ba mai shirin fita. Ki kula ƙwarai da yadda za ki buɗe ta. Masana a Jami'ar Washington, John Gottman da Sybil Carrère, sun bi sababbin ma'aurata 124 tsawon shekara shida, kuma a 1999 suka wallafa cewa daga minti ukun farko na yadda ma'aurata ke tattauna saɓani ana iya hasashen inda auren zai dosa. Mu ma mun san magana zarar bunu ce. In kika fara da "kai ba ka san wahalar da nake sha ba", ya riga ya ɗaura ɗamarar kare kansa, sauran bayanin duk a banza. Ki fara da abin da yake da gaskiya a kai. Ki kira shi da sunan da kike kiransa in kuna cikin nishaɗi, ki ce, "Daren nan da ka zo da labari ban saurare ka ba, abin ya tsaya mini a rai. Ka yi haƙuri. Na yanke shawarar littattafan yara sun daina shigowa ɗakin nan." Ki bar wannan ta zauna. Sannan ki ɗauko takardar lissafin nan ta littafi 174, ki ƙara mata jerin abin da kike yi daga biyar saura zuwa sha biyu, awa bayan awa, ki miƙa masa ba tare da sharhi ba. Gani ya kori ji. Maza da yawa ba mugunta ke sa su raina aikin gida ba, ba su taɓa ganinsa a jere ba ne; suna ganin tufafi a goge da abinci a rufe kamar da kansu suke zuwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta auna abin a rahotonta na 2018: a faɗin duniya mace na kashe awa 4 da minti 25 kullum a aikin gida da kula da iyali wanda ba a biya, namiji kuma awa 1 da minti 23. Ba don ki karanta masa na kawo miki ba, wannan zai zama wani darasin kuma. Don ki san ba gazawarki ba ce.

Daga nan sai roƙo, kuma ki roƙi abu mai suna. "Ka riƙa taimaka mini" ba ya haifar da komai, zai ce to, gobe ya ɗauke kofi ɗaya ya ga ya cika alkawari. Ki ce sayayyar gida ta koma hannunsa tun da yana hanya, ko gugar kayansa, ko sharar safe kwana uku a mako. Abu biyu ya isa a farko, kuma ki bar shi ya zaɓa. In ya yi, kada ki bi bayansa da jan biro kina gyarawa. Gugar da ta ɗan karkace ta fi wadda za ki tashi ƙarfe huɗu ki yi. Ke ma ki sassauta wa kanki. Girki ɗaya zai iya yin ci biyu, wanki zai iya jiran ƙarshen mako, kuma in aljihunku zai ɗauka, ku sami mai zuwa wanki ko da sau ɗaya a mako, albashinki ai don irin wannan ma yake. Ba na son wannan gasar ta sababbin amare, ta nuna wa duniya cewa ana aiki amma ko ƙura ba ta sauka a gida. Ba wanda ke raba lambar yabo a kanta.

Abin da za ki ba shi a madadin haka shi ne lokaci mai iyaka da ya san nasa ne. Daga bayan abincin dare zuwa kwanciya, babu littafi, babu saƙon iyayen yara. Ko awa ɗaya ce, in ya tabbata kullum tana nan, za ta kashe rabin ƙorafin.

Ki kuma tambaye shi, a hankali, ko akwai wani abu a ƙarƙashin maganar ajiye aikin. Ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila kewarki ce kawai, kamar yadda nake zato. Wataƙila wani ne a dangi ko abokai yake yi masa famfo. Wataƙila yana tunanin yadda za a yi in haihuwa ta zo, kuma wannan tambaya ce mai kyau da ya kamata ku amsa tun yanzu, don gidan da bai iya ɗaukar mutum biyu da jaka ɗaya ba, jariri zai same shi a birkice. Ku zauna ku rubuta abin da albashinki ke ɗauka duk wata, ya gani da idonsa ko nasa shi kaɗai zai iya. Wani lokaci mutum yana cewa a ajiye ne bai taɓa yin wannan lissafin ba. Alkawarin da ya yi kafin aure kina da damar tuna masa, amma sau ɗaya, da murya mai sanyi, kada ya zama sandar duka.

Ki nemi ya ba sabon tsarin zango ɗaya cikakke. In an yi hutu ku sake zama. Idan littattafai sun daina zuwa gida, kina barci, murya ta dawo, shi ma ya ɗauki nasa kason, amma duk da haka kun ga abin bai yi ba, akwai matakai kafin ajiyewa: neman a sauya miki aji, neman canji zuwa makarantar da ta fi kusa, ko hutu ba albashi in dokar wurin aikinki ta yarda. In kuma bayan duk wannan ke da kanki kika zaɓi ajiyewa, ba laifi ba ne, kada wani ya ɗora miki nauyin al'umma. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, amma ba ke za ki cike wannan giɓin da lafiyarki ba. Sharaɗina kawai ya zama zaɓinki ne da ido biyu, don wadda aka tilasta wa barin abin da take so takan zauna a gida da ƙullin da ke fitowa bayan shekaru, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Duk wannan na faɗe shi ne bisa yadda kika siffanta shi, mutumin kirki da ya gaji da jira. In abin ya koma ƙwace albashi, ko zagi, ko zuwa makaranta ya ci miki mutunci, ko ɗaga hannu, wannan wata magana ce daban, ba ta jadawali ba, sai ki sa manyan da kuke jin nauyinsu ku biyu a ciki, kada ki rufe.

Akwai tambayar da na so in yi miki tun farko. Labarin yarinyar nan ta ranar Laraba, ni kin ba ni. Shi kin ba shi? Ina zargin abin da yake ji game da makarantarki bai wuce ciwon kai da hayaniya da hedimasta ba, to don me zai so wurin? Yau in ya dawo, ki saurari nasa labarin har ƙarshe, ki tambaye shi wancan na makon jiya da ya wuce ki. In ya gama, ki ba shi na yarinyar: yadda ta shigo, baƙin da ya fi ba ta wuya, da layin da ta karanta.

Antinku